Sujadar Wanda Aka Sauya wa Gwiwoyi Biyu

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda Ya halicci ɗan Adam Ya daidaita gaɓoɓinsa, Ya saukar da cuta kuma Ya saukar da maganinta. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi, dalilin wannan nasiha shi ne al'amarin wani dattijo a garin Damana, wanda ya shekara sama da arba'in ba a rasa shi a sahun farko. Ciwon gwiwa ya ci ƙarfinsa, har ya zamana daga ƙofar gidansa zuwa masallaci sai ya huta sau biyu. 'Ya'yansa suka kai shi Yamai, likitan ƙashi ya ɗauki hoto, ya ce gwiwoyin duka biyu sun cinye, babu abin da ya rage sai a sauya su. 'Ya'yan suka sayar da dabbobi, na wajen ci-rani suka aiko da abin da suka tara, amma dattijo ya ce atafau bai yarda ba. Hujjarsa ita ce: "In aka sa mini ƙarfe, da me zan durƙusa gaban Ubangijina?" Wannan tambaya ce ta mai tsoron Allah, kuma akwai masu irinta da yawa tun daga Baleyara har Filinge da sauran ƙasar Kurfai. Don haka ya wajaba a amsa ta da ilimi.

Mene ne wannan aiki?

Allah cikin hikimarSa Ya shimfiɗa guringuntsi mai santsi a inda ƙashin cinya ya haɗu da ƙashin ƙwauri, domin kada su gogi juna. Tsufa, da nauyin jiki, da tsohon rauni, da shekarun ɗaukar kaya suna cinye wannan shimfiɗa, kuma abin ya fi yawa ga mata. In ta ƙare sai ƙashi ya riƙa gugar ƙashi, gwiwa ta kumbura, ƙafa ta karkace. Likita ba ya cire gwiwar gaba ɗaya kamar yadda wasu ke zato. Yana goge bakin ƙasusuwan da suka lalace ne, ya lulluɓe su da ƙarfen da ba ya tsatsa, ya sa wata roba mai tauri a tsakani.

Aikin ba sabo ba ne. Tun a 1890 wani likita a birnin Balin na Jamus, mai suna Gluck, ya gwada gwiwar hauren giwa, amma ba ta ɗore ba saboda ƙwayoyin cuta. Irin wadda ta yaɗu a duniya ta fito ne a 1974 a birnin Niyok na Amurka, ta hannun likita John Insall da abokan aikinsa. Wani bincike da aka buga a Ingila a 2019 ya nuna cewa cikin kowace gwiwa 100 da aka sauya, kimanin 82 suna kai shekara 25 ba a sake su ba. Mutanenmu kan nemi wannan aiki a asibitin ƙashi na Dala da ke Kano, wasu kuma har Tunisiya ko Masar ko Indiya.

Wanda gwiwoyinsa biyu suka lalace yana da hanya biyu: a yi su a zama ɗaya, ko a yi ɗaya, bayan wasu watanni a yi ta biyu. Yin su tare yana rage tafiya da kwanan asibiti, jinya kuma sau ɗaya ce, shi ya sa mai zuwa daga nesa ke kwaɗayinsa. Amma jinin da ake zubarwa ya fi yawa, haɗarin daskarewar jini a jijiya da wahalar zuciya ya fi girma. Saboda haka likitoci ba su cika yarda da shi ga wanda ya tsufa ƙwarai ko mai ciwon zuciya ko na huhu ba. Wannan zaɓi na likita ne bayan ya yi gwaji. Kada ɗa ya matsa a yi wa mahaifinsa biyu a tare don ragin kuɗi, domin rai amana ce.

Halaccinsa a Shari'a

Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito labarin sahabi Arfajatu ɗan As'adu (R.A.), wanda aka yanke wa hanci a yaƙin Kulabu a zamanin jahiliyya. Ya sa hancin azurfa, ya yi masa wari, sai Manzon Allah (S.A.W.) ya umurce shi da ya sa na zinariya. To, jama'a, in har an halatta wa namiji zinariya domin gyaran gaɓar da ta lalace, ina ga ƙarfe da roba? Wannan ba canza halittar Allah ba ne, mayar da gaɓa ne ga aikin da aka halicce ta dominsa. Neman magani kuma ba ya warware tawakkali, domin shugaban masu tawakkali ya yi magani, ya kuma yi umurni da a yi.

Yadda zai yi salla

Ba za mu ɓoye wa dattijonmu gaskiya ba. Gwiwar da aka sauya takan lanƙwasu zuwa digiri 110 ko 120 a ma'aunin likitoci, wanda ya isa tafiya da zama a kujera da hawan matakala. Zaman tahiya bisa dugadugai kuwa yana neman kusan digiri 150. Wasu suna samun ikon durƙusawa bayan watanni, da yawa ba sa samu. Amma sai mu tambaye shi: Baba, sujadar da kake yi yau cikin raɗaɗi, kana ƙosawa liman ya ɗago, natsuwa nawa ke cikinta?

Buhari ya ruwaito cewa Imrana ɗan Husaini (R.A.) yana fama da basir, ya tambayi Annabi (S.A.W.) game da salla, sai ya umurce shi da ya yi a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kishingiɗe. Shi kansa Annabi (S.A.W.) ya taɓa faɗowa daga doki ya ji rauni a ɓangarensa na dama, ya yi salla a zaune, kamar yadda Anas (R.A.) ya ba da labari. Ayar ƙarshe ta Suratul Baƙara ta karantar da mu cewa Allah ba Ya ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinta. Wanda ya karanta Ahalari kuma zai tuna cewa an jera wa sallar farilla halaye bakwai. Huɗu jerantawarsu wajibi ce: tsayuwa ba jingina, tsayuwa da jingina, zama ba jingina, zama da jingina. Uku kuma mustahabbi ce: kwanciya a dama, a hagu, sannan rigingine.

Abin lura shi ne, rangwame gwargwadon lalura yake. A kwanakin farko majinyaci zai yi salla a gadonsa da nuni, yana sa nunin sujada ya fi na ruku'u ƙasa. Da zarar ya iya tsayuwa, ko da da sandar dogarawa, to a farilla sai ya tsaya ya yi kabbarar harama ya karanta Fatiha, ya yi ruku'u in zai iya, sannan ya zauna a kujera ya yi nunin sujada. Bai halatta ya zauna tun daga farko don kawai kujera tana kusa ba. Kada kuma ya ɗago matashi ko wani abu zuwa goshinsa, nuni ya wadatar. Gwiwa ba ta cikin gaɓoɓin alwala, don haka alwalarsa tana nan yadda take, wani ya wanke masa ƙafafu in bai iya sunkuyawa. In wankan wajibi ya kama shi sai ya shafa bisa bandeji, in ruwa zai cutar da shi ya yi taimama. Sallar da ta wuce shi yana ɗakin aiki ya rama ta, shi ne mafi tsentseni. Azumi kuwa, marar lafiya yana da izinin sha ya rama in ya warke.

Ga bushara mafi girma: Buhari ya ruwaito daga Abu Musa (R.A.) cewa bawa in ya yi ciwo ko ya yi tafiya, ana rubuta masa ladan abin da ya saba yi yana lafiya a gida. Ashe sujadar shekara arba'in ba ta yanke ba, alƙalami yana ci gaba da rubuta ta.

Haƙurin jinya da haƙƙin majinyaci

Haƙuri a nan ba kwanciya ba ne. Tun a rana ta farko ko ta biyu ake tayar da majinyaci ya taka da abin dogarawa, ana cire ɗinki wajen mako biyu, zuwa mako shida da yawa sun koma sanda ɗaya, cikakken ƙarfi kuma yakan ɗauki wata shida har shekara. Motsa gwiwar da aka koya masa yana da zafi, amma wanda ya bari don jin zafi gwiwarsa za ta sandare. Ya sha maganin hana daskarewar jini yadda aka rubuta. Kada a yi ƙaho ko tsaga ko sakiya a wurin, kada a shafa masa garin magani, kada a kai shi ga maɗori, domin ƙwayar cuta in ta kai ga ƙarfen sai an sake buɗewa. In aka ga zazzaɓi, ko ruwa na fita daga ciwon, ko sha-raɓa ta kumbura, ko numfashi ya yi wuya, a garzaya asibiti a ranar. Filinge da Yamai kimanin kilomita 180 ne, saboda haka ya fi kyau ya zauna kusa da likitansa makonnin farko kafin ya dawo gida.

Ku sani, wanda aka yi wa ƙafa ɗaya yana dogara da ɗayar, wanda kuwa aka yi wa biyu ba shi da ƙafar dogaro sai 'yan'uwansa. Tabarma a ƙasa da masai na tsuguno ba su dace da shi ba, sai iyali su tanadi gado mai tsayi da kujerar bayan gida tun bai dawo ba. In mace ce, a ɗauke mata daka da jan ruwa da itace, kada a ce ta faye son jiki. Ku kuma jama'ar masallaci, ku ajiye masa kujera a gefen sahu, ku gyara dokin ƙofa, ku kame bakinku daga cewa wane ya zama mai sallar kujera. Wanda kuke yi wa gori yana bin Sunna, ku kuwa kuna ɗaukar zunubin giba.

Muslim ya ruwaito daga A'isha (R.A.) cewa an halicci ɗan Adam da gaɓa 360, ya kuma ruwaito daga Abu Zarri (R.A.) cewa kowace safiya akwai sadaka a kan kowace gaɓa, raka'a biyu na walaha kuma suna isar wa mutum. Kai saurayi mai gwiwa lafiyayya, da ladan ke kira kana zaune a bakin hanya, wane uzuri gare ka? Dattijo yana kuka don an ce ba zai iya sa goshi a ƙasa ba, kai da kake iyawa ka ƙi.

Kai kuma Baba, ka yi istihara, ka saurari likitanka, ka karɓi alherin 'ya'yanka. Wanda ka yi wa sujada shekara arba'in Ya san abin da ke zuciyarka, kuma Shi ne Ya yi maka sauƙin. Mun fi son mu gan ka ka tako masallaci da ƙafarka ka zauna a kujera, da a ce ciwo ya tsare ka a ɗaki.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa ciwonsu ya zama kankarar zunubi, Ya saka wa masu jinya da alheri, Ya sa mu cika da imani. Abin da muka faɗa daidai daga Allah yake, kuskure kuma namu ne. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.