Ware Shara: Don Kuɗi Ne Ko Don Haƙƙin Maƙwabci?

Akwai wani abu da na daɗe ina lura da shi a gidajenmu. Da wuya ki ga mace ta jefa tsohuwar tukunyar alminiyam ko fasasshen bokiti a kwandon shara. Ajiyewa take a lungu har sai ta ji kiran ɗan gwangwan. Dusa da ɓawon wake kuwa na awaki ne. To ledar fiya wata fa? Ita kam sai kwata. Ashe mun iya ware shara sarai. Abin tambaya shi ne, me ke sa mu ware wata mu watsar da wata?

Amsa ta farko ita ce kuɗi, kuma ba mu kaɗai ba ne. A Jamus, tun 2003 ake ɗora kuɗin ajiya a kan gwangwanin lemo da gorar roba. Santi 25 na Yuro ne, in kin mayar da gorar kanti a ba ki abinki. Fiye da kashi 90 cikin 100 na dawowa. Koriya ta Kudu kuwa a 1995 ta ce sharar da ba a ware ba sai a cikin leda ta musamman da ake saya, wadda za a sake sarrafawa kuma a kwashe kyauta. Aljihu ya koya wa mutane abin da nasiha ta kasa.

Shin laifi ne a yi don kuɗi? Ko kusa. Halak ne, kuma da wannan sana'a 'yan jari-bola da yawa ke ci. Sai dai kuɗi na da iyaka: abin da ke da farashi kaɗai yake tsincewa. Ledar da ba mai zuwa ƙofa ya saya ita ce ke toshe magudanar ruwa. Damina na sauka, ruwa ya afka gidan da ke gangare, sauro ya samu wurin haihuwa, akuyar wata ta ci leda ta rame. Kin ga wadda ta zubar daban, wadda ta kwana tana kwalfar ruwa daban. A nan maganar ta tashi daga tsafta ta koma haƙƙi, kuma kowace cikinmu ta san nauyin haƙƙin maƙwabci.

Na san wata za ta ce, “Malama, ni na ware, mai kwasa ya zo ya haɗe, ina amfanin?” Gaskiyarta, wannan yana sanyaya gwiwa, kuma gyaransa na wuyan hukuma. Amma gazawarsu ba ta ba mu lasisin cutar da na kusa ba.

Ki tanadi buhu uku: na roba da ƙarfe, na leda, da na abin da zai zama taki. Na farko zai kawo miki 'yan canji. Na biyu kuwa shi zai nuna miki don me kike yi. Allah Ya sa mu dace.