Afuwa Ce Ko Ciniki? Tsokaci Kan Ɗaukar Ɗan Wasan Da Aka Sallama

Akwai wata tambaya da takan taso wa duk wanda Allah Ya ɗora wa nauyin ɗaukar mutane aiki, wato idan aka kori mutum daga wani wuri bisa zargin mugun hali, alhali kotu ba ta riga ta yanke masa hukunci ba, shin ya kamata wani ya buɗe masa ƙofa nan take? Tambayar tsohuwa ce, amma ban ga inda ta fito fili ƙarara kamar yadda ta fito a ƙasar Amurka a watan Nuwamba na shekarar 2018 ba, a kan wani matashin ɗan wasa mai suna Reuben Foster. Don haka nake roƙon mai karatu ya yi haƙuri ya biyo ni can, ko da kuwa wasan da za a ambata ba irin namu ba ne.

Abin da Amurkawa suke kira ƙwallon ƙafa ba shi ne wanda yaranmu ke bugawa ba. Ƙwallonsu mai siffar ƙwai ne, galibi da hannu ake ɗaukarsa ko a jefa shi, kowane ɓangare mutum 11 ne a fili, kuma hanyar tsayar da abokin hamayya ita ce a rungume shi a kayar. Babbar gasarsu, wadda ake kira NFL, tana da ƙungiyoyi 32. A cikin masu tsaro akwai waɗanda ke tsayawa a bayan sahun gaba, su ake kira lainbaka, aikinsu shi ne su karanci inda ƙwallo zai bi, su riga mai ɗauke da shi isa wurin, su maka shi da ƙasa. Foster yana cikin gwanayen wannan aiki. A Jami'ar Alabama ya ci lambar Butkus ta shekarar 2016, wadda ake ba lainbakan da ya fi kowa a jami'o'in ƙasar, sannan a 2017 ƙungiyar 49ers ta San Faransisko ta zaɓe shi a zagayen farko, shi ne na 31.

Sai dai tun kafin a je ko'ina rigima ta fara binsa. A watan Fabrairu na 2018 aka kama shi a jihar Kalifoniya bisa zargin dukan budurwarsa. Da aka zo gaban alƙali a watan Mayu, sai ita yarinyar ta ce ƙarya ta yi masa, aka kori wannan tuhuma. Duk da haka hukumar gasar ta dakatar da shi wasa 2 saboda wasu laifuffuka daban da suka shafi makami da tabar wiwi. Ana cikin haka, ranar Asabar 24 ga Nuwamba, da dare, 'yan sanda suka sake kama shi a otal ɗin da ƙungiyarsa ta sauka a birnin Tampa na jihar Filorida, bisa irin wancan zargi, kuma a kan yarinyar nan dai. Gari na wayewa ranar Lahadi, 49ers suka sanar da sallamarsa. Ranar Talata 27 ga wata, ƙungiyar birnin Washinton, wadda a lokacin ake kira Redskins, yanzu kuma Commanders, ta ɗauke shi. Tsakanin kamu da samun sabon gida, kwana 3 ke nan.

To, a nan ne mutane suka rabu. Waɗanda suka goyi bayan Washinton suna da hujja, kuma ba hujjar banza ba ce. Suka ce zargi ba hukunci ba ne. Mu ma a nan mukan ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, kuma duk shari'ar kirki, ta Musulunci ko ta Bature, tana ɗora nauyin kawo hujja a kan mai ƙara, ba a kan wanda ake ƙara ba. Ga shi kuma an taɓa yi masa irin wannan zargi, mai zargin ta janye da bakinta a gaban alƙali. In har kowace ƙofa za ta rufe wa mutum da zarar ɗan sanda ya riƙe hannunsa, to an yanke masa hukunci mafi tsanani, wato raba shi da abincinsa, ba tare da alƙali ya ce uffan ba. Yaron yana da shekara 24, ba shi da wata sana'a sai wannan, kuma ita sana'ar gajeren rai gare ta, jiki na ɗan sanyi shi ke nan. Ni dai ba zan iya ture wannan magana ba, kuma duk wanda ya taɓa ganin yadda ƙazafi ke rusa mutumin kirki ba zai ture ta ba.

Amma a ganina an haɗa tambayoyi biyu ne aka mai da su ɗaya. Ta farko ita ce, shin za a hukunta mutum kafin a tabbatar da laifinsa? Amsa ita ce a'a. Ta biyu kuwa ita ce, shin wajibi ne ni in ruga in rungume shi kafin in san abin da ya faru? Wannan daban ce. Kotu tana da ikon ɗaure mutum, shi ya sa aka ɗaure hannunta da sharuɗɗa masu tsauri. Mai ɗaukar aiki ba ya ɗaure kowa, abin da ake nema a wurinsa shi ne bincike da natsuwa, irin wanda uba ke yi kafin ya ba da 'yarsa. Babu wanda zai ce uban da ya ce a dakata har ya bincika ya zalunci manemi.

Me ya hana Washinton dakatawa? A nan ne sai mai karatu ya san yadda tsarin nasu yake. Idan ƙungiya ta sallami ɗan wasa a irin wannan lokaci na kakar wasa, ba ya zama mai 'yancin kansa nan take. Akan ba sauran ƙungiyoyi ɗan taƙaitaccen lokaci, duk wadda ke so ta miƙa buƙata, wadda ta samu sai ta gaji kwantiraginsa yadda yake. Idan babu wadda ta nema, sai ya zama kowa na iya zuwa ya yi ciniki da shi daga baya. Kwantiragin Foster kuwa na sabon shiga ne, kimanin dala miliyan 9 a shekara 4, wanda a kasuwarsu araha ce ƙwarai ga gwani irinsa. Wato da sun jira, ba hana shi sana'a za a yi ba, abin da za su rasa shi ne garaɓasa, domin idan ƙura ta lafa wasu ma za su zo neman sa. A cikin sauran ƙungiyoyi 31, su kaɗai suka miƙa buƙata. Kuma hukumar gasar ta sa shi nan da nan cikin jerin waɗanda aka hana wasa har a gama bincike, ga albashi yana tafiya. Ashe ke nan gaggawar ba don a ceci yaro daga yunwa ba ce, kaya ne aka gani an yasar a bakin hanya, aka yi wuf aka ɗauke kafin wani ya gani.

Da aka matsa wa shugabannin ƙungiyar da tambaya, sai babban jami'insu mai kula da ɗaukar 'yan wasa, Doug Williams, ya faɗa a wata hira ta rediyo cewa al'amarin ƙaramin abu ne idan aka kwatanta da abubuwan da wasu manya ke yi. Daga baya ya fito ya nemi gafara. Williams ba ƙaramin mutum ba ne, shi ne baƙar fata na farko da ya jagoranci ƙungiya a matsayin mai jefa ƙwallo har ta ci kofin Super Bowl, a 1988. Amma harshe yakan riga mai shi, ya faɗi abin da ake ɓoyewa a ɗakin shawara.

Kalmar da aka fi ji a bakin masu kare irin wannan mataki ita ce, kowa ya cancanci a sake ba shi dama. Magana ce mai daɗi, wa zai ƙi ta? Sai dai a duba wa ake ba damar, wa ake hanawa. A shekarar 2014 an ga hoton bidiyo na Ray Rice na ƙungiyar Baltimore Ravens yana naushin matar da zai aura a cikin lif, aka sallame shi. Ya fito ya amsa laifinsa, ya nemi gafara, ya ɗaukaka ƙara a kan dakatarwar da aka yi masa ya ci nasara, amma babu ƙungiyar da ta sake ɗaukarsa. Kwana 3 bayan ɗaukar Foster, ranar 30 ga Nuwamba 2018, ƙungiyar Kansas City Chiefs ta sallami Kareem Hunt, shi ma bayan fitowar bidiyon da ya nuna shi yana ture wata mata yana shurin ta. Kafin ƙarshen Fabrairu na 2019 Cleveland Browns sun ɗauke shi. Mene ne bambancin Rice da Hunt? Ba girman tuba ba ne. Rice ƙarfinsa ya fara ja da baya tun kakar 2013, Hunt kuwa yana da shekara 23, kuma shi ya fi kowa gudu da ƙwallo a gasar a 2017. Afuwar da ke zuwa wa mai sauran ƙarfi a ƙafa, ta tsallake wanda ƙafarsa ta gaji, ai sunanta ciniki.

Abin da ya fi ba ni mamaki ma shi ne, a daidai wannan lokaci Washinton tana cikin tsananin neman mai jefa ƙwallo, domin Alex Smith ya karye a ƙafa ranar 18 ga Nuwamba, wanda ya maye gurbinsa ma ya karye bayan mako 2. Ga Colin Kaepernick yana zaune ba aiki, mutumin da ya kai 49ers wasan ƙarshe na Super Bowl a 2013, wanda ba a taɓa tuhumarsa da dukan kowa ba, laifinsa kawai ya durƙusa lokacin taken ƙasa a 2016 don nuna ɓacin rai kan yadda 'yan sanda ke kashe baƙaƙen fata. Ba su ɗauke shi ba. Suna iya cewa salon wasansa bai dace da tsarinsu ba, kuma haka suka ce. Amma mai hankali zai lura cewa akwai surutun da suka yarda su jure, akwai wanda ba su yarda ba, kuma ma'aunin shi ne wanne ne zai kori masu sayen tikiti.

Malamanmu na fiƙihu sun bambanta tsakanin haƙƙin Allah da haƙƙin bawa, suka nuna cewa wanda aka zalunta shi ke da ikon yafewa, ba wani can daban ba. Wannan bambanci yana da amfani a nan. Idan Foster bai yi abin da ake zarginsa da shi ba, to babu abin da za a yafe masa, adalci kawai yake buƙata. Idan kuwa ya yi, to yafiyar ba a hannun masu ƙungiya take ba, ba su aka mara ba. Ta kowace fuska aka duba, ƙungiya ba ta da hurumin yin ado da rigar mai afuwa. Ita kuwa yarinyar, a watan Disamba na 2018 ta fito a talabijin ta ce janyewar da ta yi a kotu ita ce ƙaryar, don ta kare shi ta yi. Wanne zance nata za a ɗauka? Ga mace mai magana biyu, ga namiji da aka kama sau biyu, duk wanda ya ce ya gano gaskiyar wannan lamari cikin kwana 3 yaudarar kansa yake yi. Mu marubuta ya kamata mu riƙe wannan, domin sau da yawa a littattafanmu mukan yi saurin raba mutane gida biyu, azzalumi da abin tausayi, tun a babi na farko.

Irin wannan yana faruwa a makarantunmu ma. Akan kori ɗalibi daga wata makaranta saboda ya fasa wa wani kai, kafin mako ya zagayo sai ka gan shi da rigar wata makarantar, idan ka bincika sai ka tarar shi ne mai ci musu ƙwallo a gasar shiyya. Abokinsa da aka kora tare da shi, wanda bai iya komai da ƙafa ba, yana gida. Yara suna gani, kuma suna fahimtar darasin sarai fiye da wanda muke rubuta musu a allo.

Wani zai ce, ai ƙarshen al'amari ya wanke Washinton. Gaskiya ne a watan Janairu na 2019 masu gabatar da ƙara a Filorida sun janye tuhumar saboda rashin isasshiyar hujja, a watan Afrilu kuma hukumar gasar ta ci shi tarar albashin wasa 2 ba tare da ta dakatar da shi ba. Har yau babu kotun da ta same shi da laifin dukan mace, kuma wajibi ne a faɗi haka. Amma wannan Foster ya wanke a gaban doka, bai wanke shawarar ranar Talata ba. Wanda ya faɗa kogi da jariri a baya ba tare da ya auna zurfinsa ba, ya haye lafiya, sa'a ya yi, ba za a kira shi mai hankali ba. Shawara da abin da mai ita ya sani a ranar da ya yanke ta ake auna ta.

Haka kuma ban yarda da masu cewa alhaki ne ya kama su ba. A watan Mayu na 2019, a ranar farko ta atisayen ƙungiya, jijiyoyin gwiwar Foster suka tsinke, aka fitar da shi daga fili a kan ƙaramar mota. Ciwo ne irin wanda ke samun na kirki da na banza a wannan wasa, ba hukunci ba ne daga sama a kan kowa. Bai buga wa Washinton ko wasa ɗaya ba, bai kuma sake bugawa a NFL ba, duka-duka wasanninsa a gasar 16 ne.

Saboda haka da ni aka tambaya a wancan mako, da na ce ba haramun ba ne a ɗauke shi, amma ba ranar Talata ba. A bari masu bincike su gama, a ji ta bakin kowa, a gindaya masa sharuɗɗa a fili, sannan in an ɗauke shi a faɗi gaskiya cewa don gwanintarsa aka ɗauke shi, kada a laƙaba wa abin sunan tausayi. In wata ƙungiya ta riga ku, to ta riga ku, abin da aka rasa ɗan wasa ne mai araha.

A shekarar 2023 Foster ya koma fili a wata ƙaramar gasa da ake kira USFL, tare da ƙungiyar Pittsburgh Maulers, inda albashi bai kama ƙafar na NFL ba. A wannan karon, da gwiwa ta riga ta lalace, farashi kuma ya faɗi, ba a tayar da wata ƙura a kan ko ya cancanci a ɗauke shi ba.