Ruwan Da Ke Ƙarƙashin Gonarka, Naka Ne Kai Kaɗai?



Duk wanda ya karanta tarihin Shehu Maghili ya ji sunan Tuwat. Can ya zauna kafin ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, can kuma kabarinsa yake, a kudancin Aljeriya ta yau. Amma mun taɓa tambaya me mutanen wurin suke sha? Ƙasa ce da shekara kan fita ba a ga ruwan sama na kirki ba, ga shi kuma dabino ya yi duhu.

Sirrin shi ne foggara. A tafi kan tudu a haƙa rijiya har a taɓa ruwa. Sai a jero wasu rijiyoyin zuwa gangare, a haɗe gindinsu da rami mai ɗan karkata. Ta bakunansu ake fitar da ƙasa, iska kuma ta shiga. Shi ke nan, ruwa ya biyo da ƙafarsa kilomita da dama har cikin gonaki. Ba guga, ba inji, rana ma ba ta samun abin sha.

Dabarar ta girmi zuwan Musulunci yankin. A Iran ana ce mata ƙanat, kuma ta garin Gonabad zurfin uwar rijiyarta ya kai wajen mita 300. A Oman falaj ake cewa. Irinta Zubaida, matar Haruna Rashid, ta sa aka yi don alhazai su sha a Makka. Kada kuma mu yi wa tarihi kwalliya: a Tuwat bayi ne suka yi yawancin haƙan, da yawansu daga ƙasashenmu na baƙar fata aka kai su, rami kuma ya rufta da wasu.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne rabo. Inda ruwan ya fito akwai dutse mai haƙora kamar matsefi, sunansa kasriya, kowane gurbi yana tura rabon wani gida. Akwai mai awon ruwa da farantin tagulla mai hudoji, akwai kundin da aka rubuta hakkin kowa. Ana gadon wannan rabo, ana sayar da shi, ana yin waƙafinsa ga masallaci. Idan ruwa ya ragu, kowa ya ragu daidai da kasonsa.

To daga shekarun 1980 aka buɗe manyan gonaki a yankin Adrar, da rijiyoyin burtsatse da injina. Ruwan ƙasa ya ja baya, foggara da yawa suka ƙafe.

Mai burtsatse yana da hujja, kuma ba zan raina ta ba. Fili nasa ne, kuɗi nasa, hukuma ta ba shi takarda. Jama'a sun ƙaru, suna son alkama. Matasa ba sa son shiga ramin yasa, wa zai zarge su? Sannan ita ma foggara ba tsarkakakkiya ba ce. Ruwan ƙarƙashin Sahara tsoho ne, ya taru tun zamanin da wurin yake da damina, abin da ke komawa cikinsa yanzu kaɗan ne. Garamantawa na Fezzan a Libiya sun haƙa ɗaruruwan irin waɗannan ramuka, daga baya ruwan ya yi ƙasa, ramukan suka bushe.

Duk da haka ni ban yarda abu ɗaya ba ne. Foggara saman ruwan kawai take iya taɓawa, abin da ya gangaro shi take ɗauka. Inji kuwa bin ruwan yake yi duk inda ya gudu, iyakarsa aljihun mai shi. A tsarin farko ƙaranci na kowa ne. A na biyu yana sauka ne kan wanda ba shi da kuɗin ƙara zurfi: marayan da ya gaji kaso a kundi, da tsohuwar da dabino goma ne duk arzikinta.

Malamanmu na Malikiyya ba su yanke wa haramin rijiya wani adadin kamu ba, ma'auninsu shi ne cutarwa. Idan haƙanka zai janye ruwan maƙwabci, a hana ka. Wahalar yau ita ce maƙwabcin yana can nesa, ba ka san fuskarsa ba, cutar kuma sai bayan shekaru take bayyana, babu alƙalin da zai iya nuna injin da ya jawo ta. Shin rashin ganin wanda ka cuta yana sauke maka hakkinsa? A fahimtata, a'a. Takardar hukuma ta halatta maka haƙa, ba ta mallaka maka kason da aka rubuta da sunan wani tun kakanni ba.

A 2018 hukumar UNESCO ta sanya ilimin masu awon ruwan Tuwat da Tidikelt cikin abubuwan da ke bukatar ceto na gaggawa. Masu shi sun tsufa, yara kuma ba sa zuwa koyo.