Sanda Ɗaya a Gaba

Ya Ubangiji, da asubar nan hanyar Donner ce ta faɗo mini a rai.

Ni na kai kaina. Na ji labarin hadari ya taso daga tekun Pasifik, zai sauke kayansa a kan tsaunukan Siyera Nebada na Kalifoniya, na ce sai na gani da idona. Na ɗaura wa tayoyi sarƙa, na kama hawan mashigin da ya haura mita 2,100.

Kafin in kai ƙoli, duniya ta yi fari fat. Ba sama, ba ƙasa. Hazon hunturu na gida yakan bar wa mutum ko inuwar bishiya. Dusar ƙanƙarar nan ba ta bar komai ba, hasken fitilata ma a idona yake dawowa. Na tuna cewa a gindin dutsen nan, bakin tafki, ƙanƙara ta tsare ayarin Donner a 1846. Cikin mutum 87, 48 ne suka tsira. Na ƙanƙame sitiyari har yatsuna suka yi tsami.

Can sai ga sanda. Doguwa, siririya, a kafe a bakin hanya, kanta yana ɗan ƙyalli. Na lallaɓa na kai gare ta. Isata ke da wuya, wata ta bayyana. Ban taɓa ganin biyu tare ba.

Abin da nake ta juyawa shi ne, ba a daren aka kafa su ba. Tun kaka, rana tana haske, wani ma'aikaci ya bi hanyar yana kakkafa su, don masu motar kwashe ƙanƙara su san inda kwalta ta ƙare, rami ya fara. Bai san ni ba. Bai ce sai mai ƙwaƙƙwaran dalilin fita ne zai mora ba. Ni da ganganci ya fito da ni, su suka kai ni gari.

Haka kake yi da ni, ya Allah. Nakan roƙe ka ka nuna mini hanyar duka, kai kuwa sai ka nuna mini sanda ɗaya. A dā abin yana yi mini ciwo. Yanzu na fara gane cewa ka riga ni bin hanyar, tun ban san zan ɓata ba.

Yau ma akwai maganar da ban hango ƙarshenta ba, ka san ta. Gari ya soma wayewa. Bari in tashi in kai ga sandar farko.