In Kiɗa Ya Canza, Rawa Ma Sai Ta Canza

Duk wanda ya taɓa tsayawa a dandali ya san makaɗi ba ya neman izinin mai rawa kafin ya juya kiɗa. Kalangu a hammatarsa yake, shi ke matsewa, shi ke sassautawa. Mai rawa ba shi da komai sai kunne da ƙafa. Daga nan Bahaushe ya ɗauko maganarsa, ya ce in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Mukan faɗe ta da sauƙin baki, kamar dai mutum na jin sabon sauti zai gyara taku nan take. Alhali gyara taku ƙaramin aiki ne a kan jin cewa kiɗan ya juya. Gwanin da aka fi yi wa shewa shi ne yakan zama na ƙarshen ji, domin guɗa da tafi sun cika masa kunne.

Samarin da ke buga wa jami'o'in Amurka ƙwallo sun san wannan a jikinsu. Wasan nasu ba irin wanda muka saba gani ba ne: ƙwallon a hannu ake rungumarsa a ruga, 'yan wasa sanye da hular kwano da makarin kafaɗa, ana bangazar juna har sai an kai mutum ƙasa. A can jami'a ce ƙofar shiga sana'ar. Filin wasan Jami'ar Jihar Ohio da ke birnin Columbus yana cin mutum sama da 100,000, kuma yaron da bai cika ashirin ba zai ji dukansu suna kiran sunansa. Sai dai hukumar wasannin jami'o'in, NCAA, ita da kanta ta bayyana cewa waɗanda ke tsallakawa zuwa gasar ƙwararru ta NFL ba su kai biyu cikin ɗari ba. Ƙungiyoyi 32 ne ke zaɓen sababbin 'yan wasa, kuma a shekara ba sa ɗaukar fiye da 250 da 'yan kai. Wanda ya samu shiga ma, galibi shekara uku da ɗoriya yake yi a sallame shi. Saura kuwa, dubbai, sukan wayi gari da shekara 22, gwiwa na ciwo, ba wanda ke kiran sunansu.

Ɗaya daga cikin samarin nan shi ne Maurice Clarett, ɗan Youngstown, garin da ya taɓa zama cibiyar narka ƙarfe a jihar Ohio. An haife shi a 1983, shekara shida bayan ranar 19 ga Satumba 1977, ranar da kamfanin Youngstown Sheet and Tube ya sanar da rufe babbar masana'antarsa, mutum wajen 5,000 suka rasa abin yi. Garin da ke da mutum 170,000 a 1930, ƙidayar 2020 ta same shi da 60,000. A irin wannan gari yaro mai ƙarfi da gudu ba shi kaɗai ke mafarki ba. Gida da unguwa duk sun rataya a wuyansa.

Shekararsa ta farko a Jami'ar Jihar Ohio, 2002, ya ruga yadi 1,237 da ƙwallo a hannu, abin da babu sabon shiga da ya taɓa yi a makarantar kafinsa. Ƙungiyar ta buga wasa 14 ba a doke ta ko sau ɗaya ba. A wasan ƙarshe, ranar 3 ga Janairu 2003 a jihar Arizona, suka haɗu da Jami'ar Miami. Ana tsakiyar wasa sai ɗan bayan Miami, Sean Taylor, ya cafke ƙwallon da aka jefo, ya zura da gudu. Clarett ya bi shi, ya cim masa, ya sa hannu ya fizge ƙwallon daga ƙirjinsa. Da aka yi ƙarin lokaci har sau biyu, shi ne ya kutsa yadi biyar ya ci wanda ya raba gardama, aka tashi 31 da 24. Rabon makarantar da kofin ƙasa an haura shekara talatin. Shekarunsa 19 a daren nan, kuma bai sake buga wa jami'ar wasa ba.

An dakatar da shi a kakar 2003 bisa zargin karɓar kyaututtukan da ƙa'idar NCAA ta hana, da kuma ba masu bincike bayanin da ba daidai ba. Ya nemi tsallakawa NFL, aka ce doka ta ce sai wanda ya yi shekara uku da gama sakandare. Ya kai ƙara. A Fabrairun 2004 kotun tarayya ta ba shi gaskiya, kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin, kuma alƙaliyar da ta rubuta sokewar ita ce Sonia Sotomayor, wadda daga baya ta hau kujerar Kotun Ƙoli. Shekara biyu ke nan bai taka fili ba. Da ya zo gwajin gudu a 2005 ya ci yadi 40 a daƙiƙa 4.72, na biyu 4.82, wanda ga mai irin matsayinsa nauyin jiki ne. Duk da haka ƙungiyar Denver Broncos ta NFL ta ɗauke shi a zagaye na uku na zaɓen sababbin 'yan wasa. A nan ne ya yi abin da ya fi nuna mini halin da kunnensa ke ciki. An miƙa masa kuɗi a hannu na sa hannu a kwantiragi, ya ƙi, ya zaɓi a biya shi gwargwadon bajintar da zai nuna. Har lokacin kiɗan daren Arizona yake ji. Kafin ƙarshen Agusta an sallame shi, ko wasan share fage bai buga ba.

Abin da ya biyo baya ba daɗin faɗa. Ranar 1 ga Janairu 2006 aka zarge shi da yi wa mutane fashi da bindiga a Columbus. A watan Agusta 'yan sanda suka bi motarsa suka tare, suka same shi sanye da rigar sulke, ga bindigogi ɗure da harsashi, ga kwalbar giya a buɗe. Ya amsa laifi, aka yanke masa shekara bakwai da rabi. Ba na wanke shi. Mutanen da aka nuna wa bindiga sun ga tashin hankali, kuma babu raunin zuciyar da ke halatta haka. Amma ina ganin yaron da tun yana sakandare ba a taɓa nuna masa yana da wani amfani ba sai na ruga da ƙwallo, da aka karɓe ƙwallon sai ya rasa wanda zai ce shi ne.

A gidan yari na Toledo shewa ta ɗauke, ya fara ji. Ya rungumi karatu, littattafan kasuwanci da tarihin mutane da falsafa, yana rubuta tunaninsa ana buga masa a intanet daga waje. Aka sake shi a Afrilun 2010 bayan shekara uku da rabi. Ya ɗan koma fili a wata ƙaramar gasa, a ƙungiyar Omaha Nighthawks, kuma kamar yadda yake ba da labari, zamansa a Omaha ne ya ba shi damar neman ganawa da attajirin garin, Warren Buffett, ya zauna ya saurare shi. A 2016 ya koma Youngstown ya kafa The Red Zone, cibiyar da ke kula da masu damuwar ƙwaƙwalwa da masu fama da shaye-shaye, yara da manya, a jihar da annobar ƙwayoyin kashe zafi ta yi wa mummunar ɓarna. Kasuwanci ne sosai, da ma'aikata da albashi da lissafi. Jarin da ya shiga da shi, ban da kuɗi, shi ne ya san ciwon daga ciki. Ya sha giya don ya manta, ya yi fama da baƙin ciki mai kwantar da mutum, ya san abin da yaro ke nufi in ya yi shiru.

Akwai wani da labarinsa ya bi ta wata hanya. Kevin Plank ya buga wa Jami'ar Maryland, amma ba zawarcinsa aka yi ba, shi ya kai kansa ya roƙi gurbi. Ba a taɓa sa shi a sahun taurari ba, don haka bai taɓa ruɗin cewa NFL na jiransa ba. Tun yana ɗalibi yake sayar da furanni a lokacin bikin masoya yana tara 'yan kuɗi. Abin da ya dame shi a fili ƙaramin abu ne: singiletin auduga da suke sawa a ƙarƙashin kayan wasa takan jiƙe sharkaf da gumi, ta yi nauyi, ta manne a jiki, sai an yi ta sauyawa, alhali gajeren wandon roba da ke jikinsa a bushe yake. Ya shiga neman yadin da zai yi riga irin wandon. A 1996, daga gidan kakarsa a unguwar Georgetown ta Washington, ya fara kamfanin Under Armour, yana loda riguna a but ɗin mota yana bin makarantu. Tsofaffin abokan wasansa ya fara raba wa su gwada. Cinikin shekarar farko dala 17,000 ne. A 2005 kamfanin ya shiga kasuwar hannun jari.

Clarett ya fi Plank baiwar wasa nesa ba kusa ba, kuma baiwar ce ta jinkirta shi. Na gefen fage ya riga na tsakiya jin juyawar kiɗa. Wani abu kuma da su biyun suka nuna, wanda masu faɗar karin maganar kan tsallake, shi ne sabuwar rawa da tsohuwar ƙafa ake yin ta. Babu ɗayansu da ya je ya kama sana'ar da bai san kanta ba. Ɗaya ya sayar da maganin abin da ya dame shi a fili, ɗayan ya buɗe ƙofa ga masu irin ciwon da ya kusa hallaka shi. Tashin asuba, jure gajiya, karɓar faɗan koci, sanin cewa in ka yi sakaci mutum goma ne za su sha wuya, duk wannan horo bai mutu ranar da aka sallame su ba. Ɗan wasan da ke cewa shekarunsa sun tafi a banza bai duba jakarsa da kyau ba.

Dole a tsare maganar nan daga masu ara ta don su rufe rashin amana. Ɗan siyasar da ya kwana a wata jam'iyya ya wayi gari a wata, ko abokin da ya juya baya ranar da aljihunka ya bushe, su ma sukan ce ai kiɗa ne ya canza. Wannan bin iska ne. Karin maganar tana magana ne a kan abin da ya fi ƙarfinka: jijiyar gwiwa da ta tsinke, hukuncin kotu, shekaru, masana'antar da aka rufe. Hanyar neman abinci take cewa a sauya, ba ta ba kowa izinin sauya hali ba.

Haka kuma ba ta yi alkawarin cewa sabuwar rawar za ta yi kyau ba. Alƙaluman hukumar ƙididdigar ƙwadago ta Amurka sun daɗe suna nuna cewa kusan rabin sababbin kasuwanci ba sa kai shekara biyar. A bayan kowane Plank akwai tsofaffin 'yan wasa da suka zuba ɗan abin da suka tara a gidan abinci ko wurin motsa jiki, ya nutse da su. Wanda ya zama malamin makaranta, ko direban babbar mota, ko mai horar da yaran unguwa, shi ma ya canza rawa, kuma bai gaza wanda ya kafa kamfani mutunci ba. Ina jin haushin yadda ake ba matasa labarin attajirai kaɗai, har su ɗauka in ba ka zama mai kamfani ba ka faɗi sau biyu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne rabon makaɗa a cikin laifin. Karin maganar ta ɗora wa mai rawa nauyi, kuma daidai ne, amma yaro ɗan shekara 18 ba shi ya tara taron ba. Jami'o'in da ke cika fili da shi, gidajen talabijin da ke sayar da talla da fuskarsa, manyan da ke shafa kansa muddin yana ci, duk sun san lissafin biyu cikin ɗari, shi ne kaɗai bai sani ba. A zamanin Clarett makaranta na samun miliyoyi, ɗan wasa kuwa in ya karɓi kyauta sai a dakatar da shi. A Yunin 2021 Kotun Ƙolin Amurka, da bakin alƙalanta tara gaba ɗaya, ta yanke hukunci a kan NCAA game da iyakance abin da ake ba 'yan wasa na harkar karatu, kuma daga 1 ga Yulin shekarar aka ƙyale su su ci kuɗi da sunansu da hotonsu. Gyara ne da ya makara, kuma na yi murna da shi. Sai dai kuɗi a hannun yaro ba ya koya masa karanta kwantiragi, ko biyan haraji, ko gane wanda ya zo cin arzikinsa. Makarantar da ta iya ɗaukar ƙwararru su auna gudunsa har zuwa ɗigon daƙiƙa ba ta da uzurin barinsa ya fita ba tare da digirin da zai ci abinci da shi ba. Ya kamata tun shekarar farko, ran da ya ci ƙwallo kowa na rungumarsa, a samu babba guda da zai ja shi gefe ya tambaye shi wace sana'a yake koyo, sannan ya dawo bayan wata guda ya sake tambaya.