BASHI A GIDAN MAI JEGO

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda yake ciyar da jariri tun yana cikin mahaifiyarsa, kuma ya tanadar masa nono tun bai san roƙo ba. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, muna yi wa kanmu da ku wasiyya da tsoron Allah a ɓoye da bayyane.

Kwanakin baya wani bawan Allah ya tsaya bayan sallar Asuba, ya jira har masallaci ya watse, sa'an nan ya matso kusa da mu. Tela ne, matarsa kuma tana yin man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a cikin gida. Allah ya ba su ƙaruwa, an yi suna, an ci an sha, kowa ya koma gidansa. Ya ce: "Malam, tun da aka haihu komai ya tsaya. Turmi ya yi shiru, mai kanti yana bina, mai rago yana bina, mai gida yana bina kuɗin haya na wata 2. Jiya har na ce mata yaushe za ta tashi ta kama aiki, ta kwana tana kuka." Muka tambaye shi kwana nawa da haihuwar, ya ce 19.

Ba mu kawo wannan labari don tozarta shi ba, domin zuwansa alama ce ta zuciya mai rai. Mun kawo shi ne saboda gidaje da yawa a Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai suna cikin irin wannan hali, sai dai kowa ya rufe bakinsa. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Annabi (S.A.W.) da kansa ya bar duniya sulkensa yana jingine a wurin wani Bayahude, a kan sa'i 30 na sha'ir da ya karɓo wa iyalinsa, kamar yadda Buhari ya ruwaito. Saboda haka cin bashi don buƙata ba abin kunya ba ne. Abin tsoro shi ne wasa da biyansa, ko kuma ɗora shi a kan wanda Allah bai ɗora wa ba.

Mu fara da tambayar da maza da yawa ba su son a yi: ciyar da gida nauyin wa ne? A Suratul Baƙara, aya ta 233, Allah ya ɗora ciyar da mai shayarwa da tufatar da ita a kan uban jariri, gwargwadon abin da aka sani na kyautatawa, kuma ya hana a cutar da uwa saboda ɗanta. Malamai sun haɗu a kan cewa ciyarwa wajibi ce a kan miji ko da matar ta fi shi dukiya. To, kuɗin da matarka take sakawa a cefane daga ƙosanta, ko furarta, ko albashinta, ba haraji ba ne da kake karɓa, kyauta ce da sadaka. Zainabu matar Abdullahi ɗan Mas'udu (R.A.) mace ce mai sana'ar hannu, ta aiki Bilal ya tambayar mata Annabi (S.A.W.) game da abin da take kashewa a kan mijinta da marayun da ke hannunta, aka ba ta amsa cewa lada 2 gare ta, ladan zumunci da ladan sadaka. Wanda aka saba yi wa kyauta, idan kyautar ta tsaya, godiya ce a kansa ga abin da ya wuce. Ba ya da hurumin yin fushi.

Kuskurenmu shi ne muna gina lissafin gida a kan kuɗin mutum 2, mu ci bashi a kan kuɗin mutum 2, alhali ciki ba ya zuwa ba zato, wata 9 yake yi yana sallama. Ita ma'aikaciya, dokar aiki ta ƙasarmu ta ba ta hutun haihuwa na mako 14, amma duk abin da take samu a gefen albashi, na ƙarin aiki ko na ɗan kasuwancin da take haɗawa da shi, tsayawa yake yi. Ita kuwa mai tuyar ƙosai da mai dakan fura, ba ta da wani asusun da zai biya ta: ranar da ta kwanta, ranar kuɗi ya tsaya.

Ku duba rahamar Shari'a, ya ku jama'a. Allah ya ɗauke wa mai jinin biƙi salla, wadda ita ce ginshiƙin addini, kuma a mazhabar Imamu Malik wannan lokaci yana iya kaiwa kwana 60. An yi wa mai shayarwa rangwame a azumin Ramadan idan ta ji wa ɗanta tsoro. To idan Ubangijin talikai ya sauƙaƙa mata haƙƙinsa, kai wane ne da za ka miƙa mata taɓarya a kwana na 19 don a biya mai rago? Macen da aka tayar wa aiki mai nauyi jikinta bai warke ba, musamman wadda aka yi wa aiki aka ciro ɗan, kuɗin maganinta zai fi abin da ta samo. Kuma likitoci suna horo da a shayar da jariri nonon uwa zalla har wata 6, ba ruwa ba kunu. Idan uwa ta ci ta ƙoshi ta huta, nono ya wadata. Idan aka bar ta da yunwa da ɓacin rai, aka koma sayen madarar gwangwani, an buɗe wata sabuwar ƙofar bashi da hannunmu.

Wannan ke nan game da wanda nauyin yake kansa. Saura hanyar biya, kuma muna ba da shawarwari 5.

Na farko, a rubuta. Ayar da ta fi kowace aya tsawo a cikin Alƙur'ani, wato aya ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, ƙarami ne ko babba, da lokacin biyansa, da shaidu. Da yawanmu ba mu san jimillar abin da ake binmu ba, tsoron sani muke yi. Ka sami takarda, ka zauna da iyalinka cikin natsuwa, ka rubuta sunan kowane mai bi da abin da yake bi. Da muka yi haka da wancan tela, sai ga shi: mai rago sefa 70.000, mai kanti 60.000, haya 50.000, jimilla 180.000. Abin da yake samu a wata kimanin 75.000, abin da ba makawa sai an kashe kuwa 65.000. Saura 10.000. Ma'ana wata 18 idan bai sami ƙari ba. Wata 18 tafiya ce mai nisa, amma tana da ƙarshe, kuma mutumin ya tashi fuskarsa ta saki, domin dodon da aka gani da rana ya fi sauƙi a kan wanda ake jin motsinsa da dare.

Na biyu, a san abin da ake gabatarwa. Abincin mai jego da na yara, da magani, da wurin kwana, su ne gaba. Malaman fiƙihunmu na Malikiyya sun faɗi cewa ko mutumin da alƙali ya karya saboda bashi ya fi ƙarfin dukiyarsa, ana bar masa abincinsa da na waɗanda ciyarwarsu take kansa da tufafinsu. Amma wannan rangwame na larura ne, bai haɗa da shayi sau 3 a rana a majalisa ba, ko kuɗin waya na hira, ko sabuwar shadda. Idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Wanda yake da abin sayarwa da ba ya buƙata, kamar waya mai tsada ko akuya ta biyu, ya sayar ya rage nauyi. Amma kada ya taɓa kayan ɗakin matarsa ko ɗan kunnenta ko tunkiyarta sai da yardarta ta gaskiya, ba yardar kunya ko ta tsoron saki ba. Idan ta ba shi a matsayin rance, to ita ma a rubuta sunanta a takardar.

Na uku, ka je wurin mai binka tun bai zo ba. Abin da yake ɓata tsakanin mutane ba rashin kuɗi ba ne, ƙarya ce da ɓuya: a ce ba ka nan alhali takalminka yana bakin zaure, ko ka ce Juma'a alhali ka san ba ka da shi. Annabi (S.A.W.) ya kasance yana yawan neman tsari daga bashi, da aka tambaye shi dalili sai ya bayyana cewa wanda bashi ya kama yakan yi magana ya yi ƙarya, ya yi alkawari ya saɓa. Ka je ka ce masa ga halin da nake ciki, ga abin da zan iya kawowa duk wata, sa'an nan ka cika ko da jika 2 ce. Kuma Buhari ya ruwaito albishir cewa wanda ya karɓi dukiyar mutane da niyyar biya, Allah zai biya masa, wanda kuwa ya karɓa da niyyar salwantarwa, Allah zai salwantar da shi.

Na huɗu, kada a biya bashi da bashin ruwa. Wanda ya ba ka 50.000 ka mayar masa da 60.000, ko ya ba ka tiya 10 ta hatsi da damina ka mayar da 20 da kaka, bai taimake ka ba, rami ya ƙara maka zurfi. Allah ya yi shelar yaƙi a kan wannan a aya ta 279 ta Suratul Baƙara. Adashen da kowa yake zubawa daidai ya kwashi daidai, babu laifi a cikinsa. Idan mai jego tana cikin adashe kuma zubi ya gagare ta, to abokan zubinta su yi mata haƙuri, ko mijinta ya riƙe mata na ɗan lokaci, domin ita ma ta sha riƙe masa.

Na biyar, kuma wannan ga waɗanda matansu suke da ciki yanzu: kada a haifo bashi tare da jariri. Me addini ya nema ranar suna? A cikin Risala ta Ibnu Abi Zaid da Muhtasar na Shaihu Halil, dabba 1 ce irin wadda ta isa layya, a rana ta 7, namiji ne aka haifa ko mace, kuma abin so ne ba farilla ba. Halil ma ya ambaci cewa makaruhi ne a mayar da ita walimar da ake tara mutane. Wanda ba shi da hali, babu zunubi a kansa, kuma sunan ɗansa ya raɗu. Rago na biyu, da buhunan shinkafa, da anko, da hayar kujeru da rumfa, da maroƙa, duk mu muka ɗora wa kanmu don kada a ce. Waɗanda muke tsoron bakinsu kuwa, ranar da mai bashi ya tsaya ƙofar gida ba a ganin ko ɗaya. Muna kira ga iyayenmu mata da ƙannenmu mata su ji tsoron Allah a wannan, domin sau da yawa matsin daga cikin gida yake fitowa. Wanda zai kai barka, ya kai hatsi ko sabulu ko abin da zai rage wa gidan nauyi.

Yanzu kuma gare ku masu bin bashi. Allah ya yi umurni a aya ta 280 ta Suratul Baƙara da a jinkirta wa wanda yake cikin ƙunci har ya sami sauƙi, kuma ya nuna cewa yafewa ta fi alheri. Ka'abu ɗan Malik (R.A.) ya taɓa bin Ibnu Abi Hadrad bashi a cikin masallaci har muryoyinsu suka ɗaga, Annabi (S.A.W.) ya ɗaga labulen ɗakinsa ya yi wa Ka'abu ishara ya yafe rabi, ya yafe, sa'an nan ya umurci ɗayan ya tashi ya biya sauran. Ku lura, kowa an ba shi nasa: mai bi ya sassauta, wanda ake bi ya biya. Gidan da aka yi haihuwa jiya ya fi cancantar wannan sassauci. Kuma ku masu fitar da zakka, ku tuna cewa waɗanda bashi ya danne suna cikin kashi 8 da aka lissafa a aya ta 60 ta Suratut Tauba. Ku neme su a asirce, domin mafi yawansu ba za su miƙa hannu ba.

Amma kada wanda ake bi ya ji wannan ya miƙe ƙafa. Jinkirin mai hali zalunci ne, kamar yadda ya tabbata a Buhari da Muslim. An taɓa kawo gawar wani mutum da ake binsa dinari 3, Annabi (S.A.W.) ya ƙi yi masa salla sai da Abu Ƙatada (R.A.) ya ɗauki nauyin biya. Muslim kuma ya ruwaito cewa ana gafarta wa shahidi komai ban da bashi. Ranar da aiki ya buɗe, ko mai jego ta tashi ta koma sana'arta don ra'ayin kanta, to ƙarin da aka samu a gidan na masu bashi ne kafin ya zama na kwalliya.

Shi wancan tela, abu na ƙarshe da muka ce masa shi ne: kafin ka je wurin mai rago, ka fara shiga ɗaki ka nemi gafarar matarka, domin wannan bashin ne ya fi gaggawa. Allah ya yi alkawarin sauƙi bayan tsanani a aya ta 7 ta Suratuɗ Ɗalaƙ, kuma ya yi shi ne a daidai wurin da yake magana a kan mai ƙaramin ƙarfi da yake ciyar da mai shayarwa daga abin da Allah ya ba shi.

Ya Allah ka biya wa duk wanda ake bi bashi, ka wadatar da mu da halalinka ga barin haraminka. Ya Allah ka ba masu jego lafiya, ka sauki masu ciki lafiya, ka raya mana ƴaƴanmu a kan Musulunci. Ya Allah ka sanya tausayi tsakanin maza da matansu, ka ba mu damina mai albarka, ka zaunar da ƙasarmu lafiya. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.