INSHORAR RAI DA HAKKIN MARAYU: DARASI DAGA RANO DA KIBIYA

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, wata tambaya da ta daɗe tana damun magidanta, musamman 'yan kasuwa da ma'aikata, ita ce ko ya halatta Musulmi ya shiga inshorar rai domin iyalinsa su sami abin dogara bayan rasuwarsa. Kafin a zo ga hukunci, yana da kyau a waiwayi yadda mutanen ƙasar Rano da Kibiya suka fuskanci wannan damuwa a zamanin Turawa, gama tsoron barin marayu hannu sake ya girmi kamfanonin inshora nesa ba kusa ba.

Turawan Ingila sun ci Kano cikin 1903, jirgin ƙasa kuwa ya iso birnin cikin 1911. Daga 1912 cinikin gyaɗa ya buɗe, har ya shiga gaban saƙa da rini waɗanda aka san kudancin Kano da su tun dā. Manomin Rurum ko na Tarai ya kan kai gyaɗarsa ma'auni, ɗan baranda ya saya da kuɗin da ubangidansa na birni ya ba shi, shi kuma ubangidan daga kamfanin Turawa ya karɓo. Ta haka sarƙar bashi ta miƙe tun daga kanti har bakin gona, ana ɗaukar buhuna a kan jakuna da manyan motoci zuwa Kano, jirgi ya kwashe zuwa Ikko.

A wannan zamanin ne inshora ta shigo Nijeriya. Kamfanin Royal Exchange Assurance ya buɗe reshensa a Ikko cikin 1921, amma galibin aikin irin waɗannan kamfanoni shi ne tsare hajar Turawa daga haɗarin teku da gobara. Watau buhun gyaɗa ya kan sami mai lamunce masa idan ya hau jirgin ruwa, amma wanda ya noma shi da wanda ya auna shi ba su cikin lissafin.

To, ina madogarar ƙaramin ɗan kasuwa na ƙauye? A ɗauki misalin mai awo a Kibiya wanda ya karɓi fam hamsin daga ubangidansa, ya rarraba wa manoma da damina, sa'an nan ajali ya riske shi kafin kaka, ya bar mata biyu da 'ya'ya ƙanana. Abin da al'ada ta tanada shi ne ɗan'uwansa ya ɗauki riƙon marayu, maƙwabta su yi gayya su cire masa amfanin gona, abokan adashi su cika zubinsa ko su mayar da abin da ya zuba, ubangida ya jinkirta bin bashi ko ya yafe wani sashe, alƙali kuma ya raba abin da ya saura. Wannan taimakon juna ne tsantsa, babu mai neman riba a cikinsa.

Amma kada a ɗauka wancan zamani ba shi da aibu. A cikinsa ne bada-kaka ta yi ƙarfi, inda ake ba manomi kuɗi kaɗan lokacin yunwar damina, a karɓi buhu cikakke da kaka. Kuma da yake yawancin basussuka a baki ake ƙulla su, sau da yawa idan mai dukiya ya rasu sai waɗanda yake bi su yi shiru, masu binsa kuwa su yi layi a ƙofar gida tun ba a share makoki ba. Maraya ne kullum ke kwana a ciki.

Shari'a ba ta hana tanadi ba, hasali ma ta kwaɗaitar a kansa. Aya ta 9 ta Suratun Nisa'i ta tunatar da mutane su ji tsoron halin da zuriyarsu masu rauni za su shiga bayansu. Sa'ad da Sa'adu ɗan Abu Waƙƙas ya nemi ya yi wasiyya da mafi yawan dukiyarsa, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tsayar da shi a kan sulusi, ya nuna masa cewa barin magada cikin wadata ya fi a bar su suna roƙon mutane. Annabi Yusufu ma, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya umurci Misirawa su adana hatsin shekaru 7 na yalwa domin shekaru 7 na fari. Saboda haka wanda ya ce tanadi ya saɓa wa tawakkali bai fahimci tawakkali ba.

Matsalar tana cikin irin ƙullin cinikin da kamfani ke yi. Malamai sun ga aibu uku a ciki. Na farko garari, watau jahiltar abin da aka saya, domin mai biya bai san nawa zai zuba ba, bai kuma san yaushe za a biya ba. Na biyu riba, domin kuɗi ne ake musanyawa da kuɗi tare da ƙari da jinkiri, kuma kamfani ya kan juya kuɗin a inda ake ba da ruwa. Na uku kama da caca, domin wani ya zuba na shekara biyu ya rasu a ba iyalinsa mai yawa, wani kuwa ya gaza ci gaba da biya ya yi hasarar mafi yawan abin da ya zuba. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta haramta inshorar kasuwanci cikin 1978, ko da yake Shaihu Mustafa Zarƙa na Siriya ya saɓa wa sauran mambobi, yana ganin halaccinta. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta tabbatar da haramcin a Jidda cikin 1985. Dukansu biyu kuma sun halatta inshorar taimakon juna.

Ita wannan ta biyun, wadda ake kira takaful, asalinta shi ne umurnin aya ta 2 ta Suratul Ma'ida na taimakekeniya a kan aikin alheri. Annabi ya yabi ƙabilar Ash'ariyyawa saboda idan guzuri ya yi musu ƙaranci su kan tara abin da ke hannunsu wuri ɗaya su raba daidai. A cikin takaful kowa yana zuba wani kaso da niyyar kyauta, asusun na masu zubi ne, kamfani wakili ne kawai mai karɓar ladan aiki, kuma ba a juya kuɗin sai cikin halal. An fara kafa irin wannan kamfani a Sudan cikin 1979, Malesiya ta yi masa doka cikin 1984, hukumar inshora ta Nijeriya kuwa ta fitar da ƙa'idodinsa cikin 2013. Mai lura zai ga cewa gayya da adashin kakanni ne aka sa musu littafi da mai duba lissafi.

Saboda haka akwai abubuwa uku da suka wajaba magidanci ya kiyaye, a Rano yake ko a Kibiya ko a wani gari. Ya rubuta abin da yake bi da abin da ake binsa, da shaidu, kamar yadda aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta karantar. Idan zai shiga wani asusu, ya nemi na taimakon juna, ya sa a karanta masa sharuɗɗa, ya tambayi su wane ne malaman da ke sa ido a kansa, domin suna kaɗai ba ya halatta ciniki. Sa'an nan ya sani cewa abin da ya tara na ajiyarsa gado ne: a biya bashi, a zartar da wasiyya, saura a raba bisa farilla. Bai halatta ya rubuta sunan mowa ko na wani ɗa da nufin ya hana sauran magada rabonsu ba, kuma wanda aka rubuta sunansa ya ɗauki kansa mai riƙon amana.

Su kuma masu kasuwa da ƙungiyoyin manoma na wannan yanki, babu abin da zai hana su kafa asusun marayu a tsakaninsu, da magatakarda da ma'aji amintattu, a riƙa karanta lissafi a bainar jama'a. Wanda aka damƙa wa irin wannan dukiya ya tuna da gargaɗin aya ta 10 ta Suratun Nisa'i, wadda ta kwatanta cin dukiyar maraya bisa zalunci da cusa wuta a ciki.

Allah Ya jiƙan magabata, Ya raya marayu, Ya tsare Musulmi daga cin haram. Allah ne Mafi sani.